Daga Dogarin Hakimi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Tallafin Karatu a Arewa

Shekaru ɗari da suka wuce, idan aka ji dogarin hakimi ya shigo gari neman yaran da za a sa a makarantar boko, akwai gidajen da ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi ƙauyen kakanninsa sai ƙura ta lafa. Abin da dogarin ya kawo shi ne abin da yau muke kira tallafin karatu, ko sikolashif: gurbi a makaranta, da abinci, da tufafi, da wurin kwana, ba tare da uba ya ciro ko anini ba. Duk da haka gudu ake yi. Yau jikokin waɗanda aka ɓoye ɗin ne ke kwana da waya a hannu, suna ƙone data wajen cike fom ɗin da mutum dubbai ke rububi a kansa.

A da tallafin ne ke farautar ɗalibi, yanzu ɗalibi ne ke farautar tallafi. Yadda aka yi wannan juyi labari ne da ya kamata duk mai neman gurbin karatu ya sani, domin a kowane zamani tambayoyi uku ne ke yanke hukunci: wa ke biya, me yake so a madadin kuɗinsa, kuma wa yake zaɓa.

Kafin zuwan boko

Ɗaukar nauyin mai neman ilimi ya girmi Turawa a wannan yanki da ƙarnoni. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ba da labarin cewa a shekarun 640 na Hijira, wato tsakiyar ƙarni na 13, alhazan Kanem da suka yada zango a Masar sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya ya gina makarantar fiƙihun Malikiyya, kuma suka ci gaba da aiko mata da kuɗi daga gida. Daga baya a masallacin Azhar an sami sashen da ake kira Ruwaƙin Barnawa, inda ɗalibin da ya fito daga ƙasashen tafkin Chadi zai sami wurin shimfiɗa tabarma da rabon gurasa daga dukiyar wakafi. A Borno kuma sarakuna kan ba malami takardar mahram, wadda ke yafe masa haraji da aikin yaƙi don ya zauna ya karantar.

A ƙasar Hausa, gari ne gaba ɗaya ke ciyar da almajiri. Kowane gida na da ɗan kwanon da ake ajiye wa wani yaro, manomi na fitar da zakkar hatsi ya kai wa malam, attajiri na sauke baƙon ɗalibi a zaurensa shekara da shekaru. Ba fom, ba intabiyu. Abin da mai bayarwa ke nema lada ne da albarkar malamai. Wannan tsari ya fitar da manyan masana, amma ƙarfinsa ya dogara ne ga cikar rumbun mutanen gari. Duk shekarar da damina ta yi gardama, almajiri ne farkon wanda ke ji a cikinsa.

Lokacin da En'e ke biya

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Manufar Turawa a fili take: suna son malaman makaranta, da akawu, da ma'aikatan baitulmali da za su tafiyar da mulkin En'e. Saboda haka guraben kaɗan ne, an raba su lardi-lardi, kuma sai wanda hedimasta da Razdan da sarki suka amince da shi zai wuce daga elemantare zuwa midil, daga midil zuwa kwaleji.

Da yake mutane na ƙyamar boko, akwai masu sarautar da idan aka ce su kawo ɗa, sai su miƙa ɗan baransu. Ta haka aji ɗaya kan haɗa ɗan gidan sarauta da ɗan talaka. Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu, ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931. Abubakar Tafawa Balewa, wanda mahaifinsa ke hidima a gidan hakimin Lere, ya shiga a 1928 ya fita a 1933. Abubakar Imam ma a wannan zamani ya yi ta. Dukkansu da kuɗin harajin talakawa aka koyar da su, dukkansu kuma aji suka fara shiga da alli a hannu bayan sun gama, domin sharaɗin ke nan.

Sai dai tsanin a Katsina yake ƙarewa. Babu hanyar da ta zarce zuwa jami'a. Sai a 1945 aka tura rukunin farko na malaman Arewa, ciki har da Tafawa Balewa, zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, kwas na shekara guda. Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Masanin siyasa James Coleman ya rubuta cewa har zuwa 1951, a cikin mutum miliyan 16 na Arewa, mutum ɗaya ne tak ke da cikakken digirin jami'a. Wannan kuwa shi ne Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda ya karanci likitanci a Birmingham ta hanyar mishan ɗin Dokta Miller. 'Yan mata kuwa sun fi kowa zama a baya, don sai a 1930 aka buɗe musu cibiyoyin karatu na farko a Kano da Katsina.

A Kudu ba a jira gwamnati ba. A 1938 ƙungiyar ƙabilar Ibibio ta tara kuɗi daga mambobinta ta tura samari shida karatu ƙasashen waje. Ɗaya daga cikinsu, Udo Udoma, ya zama babban jojin Yuganda, daga baya alƙali a Kotun Ƙolin Nijeriya. Garuruwa da ƙungiyoyin dangi da yawa a Kudu sun yi irin wannan karo-karo. Giɓin da ya buɗe tsakanin ɓangarorin biyu a waɗannan shekaru shi ne ya zama babbar matsalar siyasar shekarun 1950.

Sardauna da gaggawar cike giɓi

A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu a Legas, kuma a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Dalilin ƙin ba ɓoyayye ba ne: idan Bature ya tafi a lokacin, babu 'yan Arewa masu takardun da za su hau kujerunsa. Daga nan tallafin karatu ya zama makamin siyasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, ta kuma shiga neman duk yaron da ke da ƙwaƙwalwa don ta tura shi karatu.

Misalin lauyoyi ya isa ya nuna irin gaggawar. A lokacin ba a shiga karatun lauya a Ingila sai da Latin, makarantun Arewa kuwa ba su damu da shi ba. Sai aka tura Mamman Nasir da Muhammadu Bello Kwalejin Jami'a ta Ibadan su koyi Latin, sannan suka wuce Landan, suka zama lauyoyi a tsakiyar shekarun 1950. Na farko ya zama shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, na biyu ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995.

A ɓangaren Arabiyya ma mai biya ne ke zaɓar hanya. Abubakar Mahmud Gumi ya so tafiya Masar, amma hukumomin mulkin mallaka na tsoron iskar siyasar da ke kaɗawa a Alƙahira. Saboda haka a 1954 aka tura shi tare da wasu ɗaliban Makarantar Nazarin Larabci ta Kano zuwa Bakht al-Ruda a Sudan, ƙasar da ke ƙarƙashin idon Ingila. Daga can ya je aikin hajji a 1955 ya haɗu da Sardauna, haɗuwar da ta sauya rayuwarsa da tarihin addini a Arewa.

Waje kaɗai ba zai wadatar ba, kuma Sardauna ya san haka. A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da aka ga makarantun sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun masu cancantar shiga, sai a 1970, zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, aka kafa makarantar share fage a cikin jami'ar. Waɗanda suka yi wannan zamani kan ba da labarin yadda ake biya musu komai, a ba su kuɗin littattafai da na mota, kuma tun ba su gama jarrabawar ƙarshe ba ma'aikatu ke zuwa zawarcinsu. Sharaɗi ɗaya ne a takardar da suka sa wa hannu: bayan karatu za su yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru.

Masu bayarwa daga nesa

Zamanin samun 'yancin kai ya zo daidai da yaƙin cacar baka, kuma manyan ƙasashe sun fahimci cewa ɗalibin yau shi ne ministan gobe. Amurka ta riga ta kafa shirin Fulbright tun 1946. Ƙasashen renon Ingila sun amince da nasu shirin a taron Oxford na 1959. Tarayyar Sobiyat ta buɗe jami'ar sada zumunta a Mosko a 1960, ta sa mata sunan Patrice Lumumba a shekarar da ta biyo baya. Saudiyya ta kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, mafi yawan gurabenta na 'yan ƙasashen waje ne, da tikitin jirgi da alawus. Masar ta zamanin Nasser ta faɗaɗa ƙofar Azhar ga 'yan Afirka.

Kowanne ya sami abin da ya shuka. Injiniyoyi da likitocin da suka dawo daga Rasha sun cika ma'aikatu da asibitoci. Waɗanda suka dawo daga Madina, irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, sun sauya salon wa'azi da karantarwa a biranen Arewa. Waɗanda suka je Amurka da Ingila sun dawo da tsarin jami'o'in can da ra'ayoyinsu. Mai son fahimtar dalilin da ya sa malamanmu da 'yan bokonmu ke jayayya a kan abubuwa da yawa a yau, ya duba wanda ya biya wa kowannensu kuɗin jirgi.

A Nijar hanyar ta bi ta Faransa. Zaɓaɓɓun yara kan tafi makarantar William Ponty a Senegal, inda Hamani Diori da Bubu Hama suka yi karatu. Sai a farkon shekarun 1970 aka kafa jami'a a Yamai, kuma ɗalibinta ya tashi da sanin cewa alawus ɗin gwamnati haƙƙinsa ne.

Daga yalwa zuwa tsuke bakin aljihu

Da aka raba Nijeriya jihohi 12 a 1967, kowace jiha ta kafa hukumar tallafin karatunta. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa hannun gwamnati ya buɗe. A 1973 aka kafa asusun PTDF don horar da ma'aikatan harkar mai. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Naira kuma ta fi dala daraja, don haka tura ɗalibi Amurka ba wani nauyi ba ne ga jiha.

Alamar farko ta cewa rijiyar na ja baya ta bayyana a watan Afrilu na 1978, lokacin da aka ƙara kuɗin abinci da na wurin kwana a jami'o'i. Ɗalibai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda Segun Okeowo ke jagoranta, suka fito suna neman a sauke kwamishinan ilimi, Kanar Ahmadu Ali. An kashe ɗalibi a Legas, an kashe wasu a Zariya, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta haramta ƙungiyar. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abinci gaba ɗaya. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu cikin ɗan lokaci. Alawus ɗin jihohi ya tsaya cik a adadin da aka san shi, farashi kuwa ya yi gaba. Abin da a da ke riƙe ɗalibi shekara guda ya koma kuɗin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba, shi ma sai an yi ta sintiri a hukuma kafin ya fito.

A Nijar abin ya fi muni. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi tattaki a Yamai don ƙin matakan tsimi da suka shafi ilimi da alawus ɗinsu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a Gadar Kennedy, aka kashe uku. Wannan jini na daga cikin abubuwan da suka tilasta wa gwamnatin Ali Saibu amincewa da jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa na 1991. Har yau ɗaliban Nijar na tunawa da ranar duk shekara.

A wannan zangon ne aka yi juyin da aka ambata a farko. Iyaye sun daina ɓoye 'ya'ya, makarantun firamare sun cika tun bayan shirin ilimi kyauta na 1976, masu neman jami'a sun ninka, hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ta zama mashigar kowa. Masu nema sun yi yawa daidai lokacin da abin bayarwa ya ragu.

Zamanin gwamnoni da jiragen sama

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, tallafin karatun waje ya dawo da sabuwar fuska. PTDF ta riƙa tura masu digiri na biyu da na uku Ingila. Asusun ilimi da aka kafa a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, ya ɗauki nauyin malaman jami'o'i da kwalejoji. Gwamnoni ma suka shigo. Wanda ya fi yin amo shi ne Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda a zangonsa na biyu a Kano ya tura rukunin ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, kuma aka zaɓe su bisa sakamakon digirinsu na farko. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan gidajen da ba a taɓa hawa jirgi ba ne, kuma da dama sun dawo suna koyarwa a manyan makarantu. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin a 2023 da guraben mutum 1,001.

Wannan salo na da rauninsa. Tallafin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya yakan yi rawa ranar da ya bar kujera. An sha jin ɗaliban jihohi daban-daban da makarantun waje suka hana shiga aji ko suka riƙe wa takardun kammalawa saboda bashin da gwamnati ba ta biya ba. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a watan Afrilu na 2023 sun sa an kwaso ɗalibai da karatu a tsakiya. Sannan dala, wadda ta haura naira 1,500 a 2024, ta sa kuɗin da ɗalibi ɗaya zai ci a waje ya isa koyar da aji guda a gida. TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, tana kafa hujja da tsada da kuma waɗanda ke tafiya ba su dawowa. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta sanar da daina shirin musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin alawus.

Abin da gwamnatin tarayya ta kawo a madadi bashi ne. Asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu na 2024: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba ruwa a kai, kuma za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya ceci mutane da yawa daga barin karatu. Amma ma'anar ta sauya. A zamanin Sardauna ɗalibi kan biya da aikin da zai yi wa al'umma. Yanzu da albashinsa zai biya, idan ya sami aikin.

Abin da tarihin ke gaya wa mai nema

Guraben ba su ƙare ba. Akwai Chevening na Ingila tun 1983, da na ƙasashen renon Ingila, da DAAD na Jamus, da na Turkiyya da Sin da Saudiyya, da gidauniyar Mastercard, da na kamfanonin mai da na sadarwa ga masu karatu a gida, da hukumomin jihohi. Abin da bai sauya ba tun zamanin En'e shi ne kowane mai bayarwa da buƙatarsa. Chevening na neman wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu, kuma zai koma ƙasarsa bayan karatu. PTDF na neman fannonin da suka shafi makamashi. Hukumar jiha na neman takardar indijin kafin komai. Wanda ya aika wa dukkansu wasiƙa iri ɗaya ya yi asarar datarsa. Wanda kuma aka ce ya tura kuɗi kafin a ba shi tallafi, ya sani ɗan damfara ne ya same shi, domin mai bayarwa na gaskiya ba ya karɓa daga hannun wanda zai ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai. Dogarin hakimi, duk da tsoron da ake yi masa, har ƙauye yake shiga. Fom ɗin intanet kuwa ba ya zuwa ko'ina, sai wanda ke da waya mai kyau, da Turancin rubuta bayanin kansa, da kuɗin fasfo da na jarrabawar harshe, da wani yaya ko malami da ya taɓa bin hanyar. Yarinya mai ƙwazo a makarantar gwamnati ta ƙauye na iya gama sakandare ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan ba. Ba a hana ta ba, amma ba wanda ya je nemanta.

Aikin da dogari ya bari yana nan ba mai yi. Alhazan Kanem ba su jira wata hukuma ba kafin su gina makaranta a Masar, mutanen Ibibio ma da karo-karo suka fitar da alƙalin Kotun Ƙoli. Kusan kowane gari a Arewa yau na da ƙungiyar ci gaba, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da kwamitin zakka, da mutanen da gwamnati ta koyar kyauta a shekarun yalwa. Kuɗin jarrabawar kammala sakandare da fom ɗin JAMB na yara goma bai kai abin da ake kashewa a walimar biki ɗaya ba. Wanda ya taɓa cin tallafi kuma, zama na awa biyu da 'yan aji shida na tsohuwar makarantarsa, ya nuna musu inda ake nema da yadda ake rubutawa, ba zai ci masa ko kwabo ba.